Kawuna, Ɗan Kokawar da Ya Yi Goyo

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Larabar da ta wuce, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Kawu, yayan mahaifiyata, a ɗakinsa da ke cikin gidana a nan Gumel. Bai yi doguwar jinya ba. Ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ya sa aka shimfiɗa masa buzu a ƙasa domin shi bai taɓa yarda da gado ba, ya yi kalmar shahada, shi ke nan.

Tun daga ranar ƙofar gidan ba ta huta ba. Tsofaffin 'yan kokawa sun zo daga Maigatari da Gagarawa, wasu a kan jaki, wasu a bayan akori-kura, kowa da labarin ranar da Kawu ya kayar da shi, kuma da alfahari suke faɗa sai ka ce kyauta ya yi musu. Fulanin rugagen Sule Tankarkar, inda ya yi kiwo yawancin rayuwarsa, sun zauna gefe guda suna magana ƙasa-ƙasa, wani dattijonsu ya ce ba a yi mai sanin ciwon dabba kamarsa ba. A cikin gida kuwa kukan daban ne. An gaya mini maƙwabciyata ta ce ita ba ɗan kokawa ta rasa ba, abokin aiki ta rasa. Abokina Tela ya zo ya zauna tun safe har magariba bai ce uffan ba, kuma duk wanda ya san bakin Tela ya san ba ƙaramar ta'aziyya ya yi ba.

Na lura labarin kokawa shi ke rinjaye a zaure, na kuma san halinmu: nan da 'yan shekaru shi kaɗai zai rage. Akwai abin da mazan zauren suke tsallakewa, wai don su rufa wa mamaci asiri, alhali shi bai taɓa ɓoye shi ba. Abin yana ba ni haushi, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kawu ya dawo wurina ne a shekarar farin nan na farkon saba'in, bayan shanunsa sun ƙare ɗaya bayan ɗaya. Matarsa ta riga shi gidan gaskiya, Allah kuma bai bar masa ɗa ba. Ya iso da sanda da buzu da 'yan awaki, ya ce ya zo ya ga ɗan ƙanwarsa ya yi kwana biyu. Kwana biyun ne ba su ƙare ba sai Larabar nan. Ba ya zama a kujera, wai tana sa mutum ya manta yana da ƙafa. Ba ya cin goro shi kaɗai, ko yaro ne a gabansa sai ya ɓare ya miƙa masa rabi. Ba ya karyawa sai awakinsa sun ci. In mutum yana cika baki a gabansa, ba fuskarsa yake kallo ba, ƙafafunsa yake kallo. Yakan ce a fage wanda ka kayar kai za ka ɗaga shi, ka kakkaɓe masa ƙasa, in ba haka ba faɗa ka yi, ba kokawa ba.

A lokacin ina ƙaramin malamin ofis a En'e, hukumar mulkin gargajiya ta wancan zamani, da sabon aure, ina ji da kaina. Muna da majalisa a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar shagon Tela, kuma abin da ya haɗa mu a shekarun nan littattafan zane ne na jarumai, waɗanda wani abokinmu Direba yake kawowa in ya dawo daga Kano. Hotuna ne a jere cikin 'yan akwatuna, maganar kowa tana fita daga bakinsa. Akwai mai tashi sama, akwai mai fasa bango da naushi, akwai mai rufe fuska. Mukan karanta har takardar ta yi laushi, sannan a shiga gardamar da ba ta ƙarewa: a cikinsu wane ne cikakken namiji?

Gwanin Tela wani ƙato ne da ba ya dariya, ba ya kuka, ba ya tsayawa sauraron mace. Tela ya ce namiji ke nan, ciki ɗaya magana ɗaya. Direba ya fi son mai tashi sama, domin kullum sai ya cafe wata mace da ta faɗo daga bene. A ganinsa aikin namiji ceto ne, aikin mace kuma ta yi kururuwa a cece ta. Gaskiya haka matan littattafan suke, in ba faɗowa suke ba to an ɗaure su a kujera. Sai wata rana Direba ya zo da wani na Faransanci da ya samo a kasuwar Maigatari. Ba mai iya karanta shi a cikinmu, amma hoto ba ya bukatar tafinta. Jarumar ciki mace ce, tana ɗaga ƙarti tana yi da ƙasa. Tela ya tashi tsaye da almakashi a hannu, ya ce wannan ƙarya ce da rashin kunya, kuma daga ranar da mace ta fara dukan maza namiji ya fara shiga madafa, duniya ta zo ƙarshe.

Ana cikin haka Kawu ya biyo da ɗaurin harawa a ka. Ya sauke, ya tsuguna, ya miƙa hannu aka ba shi littafin. Ya daɗe yana duban jarumar, sannan ya ce wannan yarinya ta san tsayuwa, ƙafarta ta kafu. Mazan kuwa duk ƙirji ne, ƙafafu kamar karan dawa, yaron da ya yi kaka biyu a fage zai kwashe su. Tela ya ce ai zane ne. Kawu ya ce to shi ma ƙaton nasa zane ne. Ya ba mu labarin kakata, wadda takan shayar da garke guda daga rijiya mai gaba da yawa in maza sun tafi cin rani, ya ce bai taɓa jin an ce ta zama namiji don haka ba, cewa aka yi shanu sun sha ruwa.

Daga ranar ya zama ɗan majalisa, kuma ya zame mana ƙaya. Tambayoyinsa ba su da amsa. Ina gonar wannan jarumi? Wa ke tuƙa masa tuwo? Wannan matsattsen kaya da yake birgima da shi, wa ke wanke masa? In aikin alheri yake yi, me ya kai shi rufe fuska? Mukan yi dariya mu ce Kawu bai gane ba, shi kuma ya ce ai shi ya sa yake tambayar masu boko.

Abin da ya fi ba mu dariya shi ne yadda yake buɗe littafin. Shi karatun allo ya yi, don haka daga bangon baya yake farawa, yana bin hotuna daga dama zuwa hagu. Wata rana ya gama duba wani, ya rufe, ya ce yau dai an kawo labari mai hankali. Muka ce ya ba mu. Ya ce wani mutum ne ya yi ta faɗa, ya rushe gari, har ya gaji, sai ya cire abin rufe fuskarsa ya ninke, ya sa rigar mutane, ya koma gida ya zauna kusa da tsohuwarsa. Direba har da riƙe ciki. Na nuna masa cewa a juye ya bi, asalin labarin daga gida mutumin ya fara, ya bar tsohuwar ya tafi faɗa. Ko gezau bai yi ba.

"To ku naku ya fara da mutum ya ƙare da dodo," in ji shi. "Nawa ya fara da dodo ya ƙare da mutum. Kowa ya riƙe nasa."

Ba a daɗe ba dariya ta ƙare a gidana. Matata ta rasu wajen haihuwar fari, ta bar mini 'ya mace. Ba zan iya rubuta yadda na ji ba, abin da zan ce kawai shi ne na so ta, kuma na so in bi ta. Mahaifiyata ta daɗe da rasuwa, ba ni da 'yar'uwa a kusa. Dangin matata a ƙetaren iyaka suke, wani ƙauye a ƙasar Damagaram, ita ma uwarta ba ta da rai. Ƙanwar uwar tata, wadda muke kira Inna, ita ta zo gaisuwa. Kafin ta koma ta aiko Kawu ya gaya mini cewa ranar sadakar arba'in za ta dawo ta ɗauki jaririyar, domin ba a barin jinjiri a gidan da ba mace.

Kowa ya ce daidai ne. Liman ya ce haƙƙin reno na dangin uwa ne, sai fa in su da kansu suka yarda suka bari. Amma ni ina ganin mutanen da ke kwararowa ta Maigatari daga wancan ɓangare, yunwa ta koro su, da 'ya'yansu a kafaɗa kamar tsumma. Can za a kai ta. Na san in ta haye, da wuya in sake ganinta, kuma ita kaɗai ta rage mini daga uwarta. Abokai suka ce mafita ɗaya ce, in yi aure cikin gaggawa. Na kasa. Ƙasar kabarin ba ta ko kwanta ba.

Kawu bai ba ni shawara ba, aiki ya kama. Maƙwabciyata tana shayarwa a lokacin, Allah Ya saka mata, takan karɓi yarinyar ta ba ta nono, amma ita ma yunwar shekarar ta taɓa ta, nonon bai isa biyu ba. Kawu ya ware wata akuyarsa mai sabuwar haihuwa, ya hana ta fita, yana ba ta dusar da ya kamata a dama mana. Ya tatsa, ya tafasa, ya sirka da ruwa, ya tsoma ɗan yatsa yana ɗiga wa yarinyar a baki, yadda ya saba yi wa maraƙin da uwarsa ta mutu. Daga yatsa aka koma ƙaramin ludayi. Shi ke wanke tsummokinta ya shanya a kan dangar gida, inda duk mai wucewa zai gani. Yana kiranta amaryarsa, irin wasan kaka da jika, yana mitar wai an aura masa mace mai yawan kuka.

Kukan kuwa ba ya tsayawa sai an goya ta, maƙwabciyar kuma tana da nata goyon. Sai Kawu ya ɗauko zanin marigayiya da majanyinta, ya tsaya a bakin danga, ya roƙi maƙwabciyar ta koya masa daga can ciki, tunda ba ta fita. Ya ce ba zai gwada da 'yar mutane ba. Na dawo daga ofis na tarar da tsohon da ya gagari 'yan kokawar ƙasar Gumel a duƙe, ɗan akuya a bayansa yana ihu yana harbi, murya daga bayan danga tana cewa ya ɗaga gindin sama, ya tsuke zanin ƙarƙashin hammata. Ranar na fara dariya tun bayan rasuwar, dariyar ta ƙare da kuka. Shi dai bai kula ni ba, sai da ya iya.

Da ya iya kuwa bai tsaya a tsakar gida ba. Wata la'asar ya fito da ita a baya, da sandarsa, ya ratsa bakin kasuwa ya zo majalisa ya tsaya, domin mai goyo ba ya tsugunawa yadda ya so. Tela ne ya kasa haƙuri, ya ce, "Kawu, duk littattafan nan mun karanta, ba mu taɓa ganin jarumi da goyo ba."

"Ai su ba a mutu an bar musu ba," in ji Kawu.

Tela bai bari ba. Ya ce abin kunya ne ga duk wanda ya taɓa ɗaura laya ya shiga fage, kuma in tsoho ya zubar da girmansa yara za su taka. Kawu ya dube shi daga gwiwa zuwa ƙasa, ya ce girman da jinjiri zai iya zubarwa dama bai cika ƙwarya ba. Suka daina gaisawa. Maganar ta bazu, yara suna binsa daga nesa, mata suna leƙe. Da kaka ta zo aka buɗe ɗan fagen kokawa, a karon farko ba a aiko a kira shi ya zauna cikin dattawan da ke raba gardama ba. Ya ji kiɗan daga tsakar gida yana wankin tsumma. Kada wani ya ce bai ji ciwo ba, ya ji, na ga hannunsa ya tsaya a cikin ruwa har kiɗan ya lafa.

Ana gab da arba'in ya kira ni. Ya ce Inna ba za ta bar jinjira don tsoho ya iya goyo ba, tsoho yau ne ko gobe. "Bayan da za ta duba naka ne, ɗana." Na koyi goyon a cikin ɗaki, ƙofa a rufe, shi yana gyara mini. Ya ce hakan ma ya yi, ranar tana zuwa.

Ranar sadaka Inna ta sauka daga motar kasuwa. Ta rame fiye da zuwanta na farko, ta zo da wani tsohon zani a ninke, na ɗaukar yarinya. Maza sun cika zaure da ƙofar gida, abokan ofis, 'yan majalisa, har Tela, wanda ya zo don ni ba don Kawu ba. An yi addu'a an shafa, ana shirin raba 'yar gumbar da aka samu, sai kukan yarinyar ya taso daga ciki. Kawu ya tashi ya shiga. Ya fito da ita a hannu, zani da majanyi a kafaɗa, ya ratsa mutane ya tsaya a gabana.

"Duƙa," ya ce.

Na ji kunya har cikin ƙashina, ba zan ɓoye ba. Amma na hango Inna a bakin ƙofar ciki, mayafi a baki, tana kallo. Na cire babbar riga na duƙa. Ya ɗora mini ita, na ja zanin na ɗaura, na tsuke majanyi. Sannan ya miƙo mini ƙwaryar gumba ya ce baƙi suna jira. Haka na bi mutane ɗaya bayan ɗaya ina rabawa, 'yata tana shessheƙa a bayana har ta yi shiru, na ji kanta ya kwanta tsakanin kafaɗuna. Ba wanda ya yi dariya. Wataƙila don Kawu yana tsaye a tsakiya da sandarsa ne, ban sani ba. Da na zo kan Tela ya karɓa da hannu biyu, idonsa a ƙasa.

Bayan an watse Inna ta sa aka kira mu ciki. Ta kwance yarinyar da kanta ta ɗora a cinya. Ta duba bayan kunne, ta buɗe matsematsin wuya da cinyoyi, ta latsa ciki, ta shinshina kai. Ta tambayi Kawu wa ke yi mata wanka, ya ce da shi ne, yanzu ubanta. Sai hawaye suka zubo mata. Ta ce ta binne jikoki a wannan shekara, kuma Allah Ya sani ba ta da abin da za ta ba wannan in ta kai ta. Abin da ya taso ta shi ne kada a ce ta bar jinin yayarta a hannun maza ya lalace. Me za ta gaya wa mutanen gida?

"Ki gaya musu abin da kika gani, baiwar Allah," in ji Kawu. "Ba mu roƙe ki ki ƙara ko ki rage ba."

Ta daɗe tana kallon yarinyar. Sannan ta miƙe, ta yi abin da suruka ba ta yi, ta dube ni ido da ido ta ce in juya. Ta ɗora mini ita, ta warware zanin da ta zo da shi ta ɗaura mini a kan nawa, ta ja ƙullin sama har sai da numfashina ya tsaya. Ta ce a nan ake ƙullawa, ba a kan tumbi ba, kuma in yarinyar ta girma in sa ta lakwal, wato makarantar boko. Ta bi motar yamma ita kaɗai. Ina tsaye a tsakar gida, sai Kawu ya ce in sauke amaryarsa haka nan, tun ɗazu ta jiƙa mini baya.

Bayan mako guda Tela ya aiko da 'yan riguna na jarirai, ɗinkin hannunsa, ba saƙo ba bayani. Kawu ya aika masa da rabin goro. Gardamar majalisa ba ta mutu ba, har yau Tela yana nan a kan ƙatonsa, sai dai ya daina kawo maganar madafa.

Yarinyar tana aji ɗaya yanzu. Na yi wani auren daga baya, amma ta girma tana sanin ɗakin Kawu ne wurin gudu in an yi mata faɗa. Ranar Laraba da muka ɗauko makara za mu fita, ta kuɓuce daga hannun mata ta biyo mu har zaure. Ta kama gefen rigata, ba kuka take ba, ta ce, "Baba, ku riƙe shi da kyau, kada ya faɗi."

Mun riƙe shi da kyau. Ya Allah, mun kawo Maka shi, Ka riƙe shi fiye da yadda ya riƙe mana marainiya. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haɗa shi da ƙanwarsa da uwar 'yata a gidan rahama. In tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.